Amsar Wasiƙunku: Tsohon Direban Garinku Bai Yi Ƙarya Ba

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin albasa a yankin Aliero ta Jihar Kebbi. Wasiƙar tana da ɗan tsawo, amma ga abin da ta ƙunsa. Ya ce akwai wani dattijo a garinsu, tsohon direban babbar mota wanda ciwon ido ya raba da sitiyari, kullum da dare a teburin mai shayi sai ya riƙa ba da labari, wai ya kai kaya Kumasi, ya je Fallomi, har Sudan ya taka da mota. Wai a zamaninsu in an zo kan iyaka sai a canza hannu, kuma ya taɓa kwana tara a bayan wani shinge don kawai an yi ruwan sama. Samari na yi masa dariya, suna cewa tatsuniya ce. Mai wasiƙar yana son ya san ko haka abin yake. Sai tambaya ta biyu, wadda muke jin ita ce ta sa shi ɗaukar alƙalami. Shi da wasu maƙwabtansa suna shawarar bana su haɗa albasarsu su cika mota guda su kai Gana da kansu, maimakon su sayar wa dillalai a bakin gona kamar yadda aka saba. Da ya gaya wa dattijon, sai ya ce masa kada ya kuskura sai ya yi lissafin kwana, shi kuwa bai gane abin da ake nufi ba.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Duk abin da dattijon nan ya lissafa maka abu ne da ya faru a kan waɗannan hanyoyi, kuma shawarar da ya ba ka daga cikin labaran nasa ta fito. Saboda haka za mu bi labarin tukuna, sa'an nan mu dawo kan albasa.

Bari mu fara da canza hannu, don shi ya fi sauƙin tabbatarwa. Ƙasashen da Ingila ta mallaka a gefen hagu na titi suke tuƙi, kamar yadda ake yi a Ingila har gobe, na Faransa kuwa a dama. Nijeriya ba ta koma dama ba sai ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972. Sudan ta bi a 1973, Gana kuma ranar 4 ga Agusta, 1974. Ka ga ke nan direban da ya tashi daga Sakkwato ko Kano kafin 1972 da hagu zai fara. Yana shiga Nijar, ko Dahome wadda ake kira Benin yanzu, sai ya koma dama, ya ratsa Togo ko ƙasar da ta zama Barkina Faso, yana taka ƙasar Gana ya sake komawa hagu. Sitiyarin motarsa kuma a dama yake. Watau in yana ƙasar Faransa, shi yana zaune ne ta gefen daji, ba ya ganin abin da ke tahowa in zai wuce wata mota. Karen mota ne ke leƙawa ta taga ya ce masa shiga ko dakata. Ran duk wanda ke cikin motar da dukiyar mai kaya suna rataye ne a bakin yaron nan. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa ɗaukar yaro mai wasa, kuma yaro kan yi shekaru yana sa waigi, yana wanke mota, yana faci, kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa giya.

Yanzu sai Fallomi da shingen ruwa. Fallomi dai ita ce Fort Lamy, babban birnin Cadi, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Mai zuwa can daga Kano zai yi tafiyar kusan kilomita 600 zuwa Maiduguri, ya bi ta Dikwa zuwa Gamborun Ngala, ya shiga Kamaru a Fotokol, ya ratsa siririn wuyan ƙasar har Kusiri da ke bakin kogi. Daga nan ga Fallomi can ana hango ta a ƙetare, amma babu gada. Jirgin fito ne ke ɗaukar motoci kaɗan-kaɗan, in ya lalace kowa ya shimfiɗa tabarma. Sai a 1985 aka buɗe gadar Ngeli a kan kogin Logon.

Amma kafin a kai ga kogin akwai firgi. Manomanmu na Borno sun san ta, ita ce baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da rani takan bushe ta tsattsage ta yi tauri kamar daɓe, mota ta yi ta gudu abinta. Da ta sha ruwa kuwa, samanta santsi, ƙasanta danƙo, taya ta yi ta juyawa a wuri guda har motar ta zauna a kan cikinta. Babbar mota guda in ta kutsa cikin jiƙaƙƙiyar hanyar burji, takan bar ramin da za a yi wata da watanni ana gyara. Don haka ne hukumomin Cadi da Kamaru suka kafa shingaye a kan irin waɗannan hanyoyi, wani ƙarfe ne ko gungume a gicciye, da mai gadi a gefe. Da zarar ruwa ya sauka sai a rufe, babu babbar motar da za ta wuce sai hanya ta sha iska. In an sake ruwa kafin a buɗe, lissafi ya koma farko. Da haka ne fa kwana ɗaya ke zama tara. In kuwa damina ta kankama, akwai hanyoyin da ake haƙura da su ɗungum sai kaka, wanda ya makara a can ƙetare sai ya nemi abin yi ya jira.

Ka lura da abin da tsofaffin direbobi suka fi daɗewa a kansa in suna hira. Ba kasafai za ka ji suna maganar gudu ba, don gudun ma babu shi. Bedford ce ko Austin, daga baya Marsandi 911, ko Berliet a ɓangaren Faransa, bodin katako, an lafta mata kaya har sama, fasinja kuma a kan kayan. Abin da suke tunawa shi ne inda suka tsaya. Wane shinge, wane mafitar ruwa, wace bishiya aka kwana a ƙarƙashinta, wace mai tuwo ce ta ba su bashi da guzuri ya ƙare. Bakin kowane shinge kasuwa ke ci, mata su kawo fura da dafaffen wake, mahauci ya yanka akuya, a yi jam'in salla, a sha shayi. Wannan shi ne daɗin abin, kuma shi ake faɗa wa samari. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne yadda mai goro ke zaune a gefe yana buɗe huhu yana yayyafa ruwa, yana tsince wanda ya fara lalacewa, cikinsa na ɗurar ruwa.

Akwai kuma tsayuwar da babu shinge. A wancan zamani direba shi ne bakanikensa. Ba ya tashi sai da sifirin na ajiya, da kayan faci, da famfon hannu, da jak, da shebur, da gatari, da igiya, da gangar mai da ta ruwa. Ƙananan matsaloli akan yi musu dabara, za ka ji suna ba da labarin toshe tankin da ke yoyo da sabulu, ko cusa ciyawa a cikin taya don a lallaɓa zuwa gari. Amma in ƙarfen da ke juya tayar baya ya karye a dokar daji, dabara ta ƙare. Sai a ɗora yaron mota a kan wata motar da ke komawa, ya je Maiduguri ko ma Kano ya nemo, shi kuwa direba ya zauna gadin kaya mako biyu ko fiye. Babu waya, mai kaya bai san inda dukiyarsa take ba, matar direba ba ta san ko yana da rai ba. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne amana, domin direban da aka taɓa kama shi ya taɓa kayan mutane, labarinsa kan riga shi isa kowace tasha. Ba banza ba ne mawaƙa irin su marigayi Alhaji Mamman Shata suka yi wa direbobi waƙa. A lokacin direban doguwar hanya mutum ne da ake ji da shi a gari.

Maganar Sudan kuwa, hanyar alhazai ce. Daga Fallomi a nufi gabas ta Ati zuwa Abeshe, a ƙetare iyaka a Adare a shiga Jinaina, sai Fashir, sai Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. A can ake sauke mutane su hau jirgi zuwa bakin Bahar Maliya. Da layin dogo ya kai Niyala a 1959 sai tafiyar mota ta ragu. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, sun kafa ƙungiyar jigilar alhazai, suka sa motoci a kan wannan hanya. Kuma direba bai zama baƙo ƙwarai a can ba, don tun zamanin masu tafiya a ƙasa Hausawa da Fulani da Barebari sun zazzauna a garuruwan da ke kan hanyar. Wasu guzuri ne ya yanke musu suka tsaya aikin auduga a Jazira, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno. Duk inda mota ta tsaya akwai mai jin Hausa da zai nuna maka masauki, ya shiga tsakaninka da hukuma. Ka riƙe wannan magana ta mai masauki, za mu dawo kanta.

Hanyar yamma, wadda ita ce taku, ta girmi mota nesa ba kusa ba. Hanyar fataken goro ce zuwa Gwanja, da jakuna, ana wata da watanni kafin a isa kasuwar Salga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan 'yan kasuwa irin su Alhaji Alhassan Ɗantata sai suka koma ɗauko goro ta teku zuwa Ikko, jirgi ya hauro da shi. Mota daga baya ta shigo, kuma zangon da fatake suka kafa a Kumasi da sauran garuruwa shi direbobi suka gada, har yau Zongo ake ce wa waɗannan unguwanni. A nan ma ruwa ne ya fi tsayar da su. An gina gada tsakanin Gaya da Malanbil a 1958, Yamai kuwa ba ta sami tata ba sai 1970. A cikin Gana, tsohuwar hanyar Tamale zuwa Kumasi ta Salga da Yeji take bi, a yi fito a kogin Bolta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafki, fiton ya ƙara faɗi, wanda jirgin yamma ya tashi ya bar shi sai ya kwana a bakin ruwa tare da sauro.

Daga nan sai wata irin tsayuwa ta ɓullo wadda ba ruwan sama ya kawo ta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Direbobin da suka je ɗaukar goro sai suka dawo da mutane, da tabarmi da tukwane, wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin da za a kai su ba. A Janairun 1983 Nijeriya ta yi irin haka, motoci suka yi ta kwasar 'yan Gana zuwa yamma. A Afrilun 1984 aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Tsohon direba zai gaya maka ya fi son shingen ruwa sau goma, don shi ka duba sama ka san ranar buɗewarsa.

Mai wasiƙarmu bai yi tambaya a kan hamada ba, amma ba za mu tsallake ta ba, domin a can ne tsayuwa ke nuna ainihin fuskarta. Daga Agadas hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasat ta Aljeriya, ɗaya ta yanki Tenere zuwa Dirku, ta haura Sabha ta Libiya. Akan kai tumaki da raƙuma, a dawo da dabino da taliya da madarar gari. Tsakanin Agadas da Dirku tafiyar sama da kilomita 600 ce, babu kwalta, sai sawun wanda ya riga ka, shi ma in iska ba ta share ba. Direbobin can sukan sace iskar taya don ta yi faɗi a kan rairayi, in mota ta kafe yara su dira su haƙa, su shimfiɗa faranten ƙarfe a gaban taya, ta hau, su ciro su ruga su sake shimfiɗawa. Ba a shiga mota ɗaya, ba a shiga babu ɗan jagora, kuma ruwa ake fara lodi kafin kaya. A tsakiyar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo kusa da rijiya, wadda ayarin gishirin Bilma suka daɗe suna saiti da ita. A 1973 wata babbar mota ta banke ta, an ce direban ɗan Libiya ne. Duk faɗin hamadar nan sai da ya sami abin karo! Kututturen yana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Wannan akan ba da shi a yi dariya. Wanda ba na dariya ba shi ne na Oktoban 2013, sa'ad da motoci biyu da suka tashi daga Arlit suka lalace kafin su kai iyakar Aljeriya, aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, galibinsu mata da yara. Allah ya ji ƙansu.

To Malam, yanzu mu dawo kan albasarka. Samari za su ce maka ai duk wannan ya wuce, yanzu akwai kwalta, akwai gada, akwai tirela, akwai waya a aljihun kowa. Gaskiya ne, kuma tafiyar da akan yi mako uku a da, yanzu in hanya ta yi kyau cikin 'yan kwanaki ake yin ta. Sai dai tsayuwar ba ta tafi ko'ina ba, wuri ta sake. An sake rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, motoci suka yi dogon layi a Malanbil, har da na albasa da ke kan hanyar Gana, masu ita suna tsaye suna kallo tana ruɓewa, a Akra kuma farashi ya tashi. Nijeriya ba ta buɗe iyakarta da Nijar ba sai Maris na 2024. Tsohuwar hanyar masu albasar Galmi, wadda ke bi ta Yamai da Fada Ngurma ta shiga Gana ta wajen Bawku, rashin tsaro a gabashin Barkina Faso ya sa masu motoci da yawa sun kauce mata. Ga kuma Nijar da Mali da Barkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025. Saboda haka abu na farko, kada ku yanke shawarar hanya a teburin mai shayi, ko da dattijon ne ya zana muku ita a ƙasa. Shi tsohuwar hanya ya sani. Ku je tasha ku nemi direban da ya dawo a cikin makon nan, ku tambaye shi ta ina ya bi, ina aka tsayar da shi, nawa ya kashe. Matambayi ba ya ɓata.

In ta kudu za a bi, watau a gangara Ikko a bi bakin teku, iyaka uku ce a gabanku: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, sai ta Benin da Togo, sai Aflawo a ƙofar Gana. Kowace iyaka ofis biyu ne, na fita da na shiga, ban da shingayen kwastan da 'yan sanda da jandarma da ke tsakani. A rubuce, amfanin gona ɗanye da aka noma a wata ƙasar ECOWAS ba ya biyan kuɗin fito in ya shiga wata. A kan hanya kuwa kowa ya san akwai abin da ake kira kuɗin hanya, kuma mai ɗanyen kaya shi ya fi saurin miƙawa, don ma'aikacin da ya tsayar da shi ya san ba zai iya jira ba. Abin da ke rage wannan shi ne cikar takardu. Mota ta kasance da inshorar ECOWAS da ake kira katin ruwan ƙasa, direba da lasisinsa, kaya da takardar shaidar lafiyar amfanin gona, ku kuma masu rakiya da takardun tafiya. Kada ku yarda a yi muku lodin da ya wuce ƙa'ida don a rage kuɗin buhu. Ƙasashen sefa suna da dokar nauyin mota tun 2005, ana kuma auna mota a sikeli a Gana. Motar da aka kama da nauyi tara za a ci ta, wani lokaci a ce sai an sauke, ga kwana biyu sun tafi.

Lissafin kwanan da dattijon ke nufi ke nan. Kai kana lissafin buhu nawa, kuɗin mota nawa, nawa ake sayarwa a Akra, ka ga riba ta fito fili. Shi kuwa yana tambaya ne, albasar nan kwana nawa za ta iya yi a cushe cikin mota, a ƙarƙashin tamfol, a cikin zafi da laimar kudu, kafin ta fara zufa? Ka fi mu sanin cewa albasar da aka ɗebe da sauran ruwa a wuyanta, ko wadda aka ɗura wa taki da yawa, ba ta jimiri. Wadda za ta yi doguwar tafiya sai an bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe, ɓawon ya yi ƙara, a tsince mai rauni, don guda ɗaya ta isa ta ɓata buhu. Ku ɗauki kwanakin da direba ya ce za a yi, ku ninka su biyu, sa'an nan ku tambayi kanku ko kayan za su kai, ko kuma aljihunku zai ɗauki asarar kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da an sayar da gona ba. In amsar a'a ce, dillalin bakin gona bai cuce ku kamar yadda kuke zato ba. Wani ɓangare na abin da yake ci kuɗin wannan kasada ne.

Kuma isa kasuwa ba shi ne ƙarshen jira ba. A nan ne maganar mai masauki ke dawowa. Kasuwar albasa a Akra da Kumasi tana da shugabanninta da layinta, ba a shigowa da mota haka kawai a fara saukewa. Tun 2021 ma an tashi masu albasa daga Agbogbuloshi aka mai da su Ajen Kotoku a bayan gari. In motoci da yawa suka iso rana ɗaya farashi ya faɗi, baƙon da ba shi da kowa shi ne na ƙarshe a layi. Galibi kuma bashi ake bayarwa ga masu sari, su sayar su kawo kuɗi, wanda zai bi maka bashin nan shi ne mai masaukinka, don shi ya san gidan kowa. Kafin ku ɗora buhu ɗaya a mota, ku tabbata akwai mutum sananne a can da ya ce ku taho, wanda wani naku ya taɓa hulɗa da shi aka rabu lafiya. Sa'an nan ku tuna da sidi za a biya ku, ku kuwa da naira kuka yi noma, a hanya kuma sefa za ku kashe. Kwanakin da za ku yi kuna jiran kuɗi, canji na iya motsawa ya cinye ribar, ko ya ƙara muku. Ku tambayi yadda masu zuwa ke dawo da kuɗinsu, kada wani ya ɗauro su a ƙugu ya ratso iyaka uku.

Tsakaninku da mai mota kuwa, a yi magana a gaban shugabannin tasha, a rubuta. Wa zai biya kuɗin hanya, shi ko ku? In mota ta lalace ta yi kwana uku, wa zai nemo wata a juye kayan, kuma da kuɗin wa? In an tsaya a iyaka, wa ke ciyar da direba da yaransa? Ku tambaye shi ko yana da lodin dawowa, domin direban da ya san zai dawo da kaya ya fi sauƙin farashi, wanda zai dawo wayam kuwa ku ne za ku biya masa man zuwa da na komowa. Kuma ɗaya daga cikinku ya bi motar. Zuwa da kai ya fi aike.

Ra'ayinmu a nan, tunda ka nema, shi ne kada ku fara da mota guda cur. A bana ku nemi wani ɗan kasuwa da ya saba zuwa, ku sa buhu kaɗan a cikin lodinsa, wanda in ya salwanta ba zai hana ku noman baɗi ba, mutum ɗaya ya bi ya ga hanya, ya ga kasuwa, ya san mai masauki ido da ido, ya riƙe ɗan littafi yana rubuta kowace tsayuwa da abin da aka kashe a wurin. In ya dawo ku zauna da littafin nan ku sake lissafi. Ku kira dattijon ya zauna tare da ku, a karanta masa, zai gane wuraren da aka yi muku wayo tun kafin a gama karantawa.

Sauran wasiƙun da suka iso mana a kan farashin taki da maganin ƙwarin wake, za mu duba su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.